Neman Janar Lafayette a Rumbunan Intanet na Kyauta

 

Ranka ya daɗe shugaban taro, shugaban sashen tarihi da ya yi ɗawainiyar gayyato ni, iyayena malamai, ma'aikatan laburare, 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Jamhuriyar Nijar, da ku ɗalibai maza da mata, barkanmu da war haka. 

An ce in yi bayani a kan yadda ɗalibi zai binciki tarihin wani janar kuma jigon siyasa na zamanin juyin juya halin Faransa, yana zaune a nan gida, da waya ko kwamfuta, ba tare da ya biya kowa ko sisi ba in ban da kuɗin data. Janar-janar na wancan zamani suna da yawa, amma na ɗauki guda ɗaya don kada mu yi ta shawagi: Janar Lafayette. Dalilina shi ne takardunsa sun rabu gida biyu, wasu a Amurka, wasu a Faransa, kuma kowane gida da irin mutumin da zai nuna maka. Wanda ya tsaya a rumbun Amurka zai fito da gwarzo marar aibi. Wanda ya tsaya a jaridun Paris na 1791 zai fito da maci amana mai jinin talakawa a hannu. Duka rumbunan a buɗe suke, ba kuɗin shiga. Saboda haka ɗalibin da ya kawo mini Lafayette guda ɗaya tak, ba shi da uzurin talauci.

Na farko: wane ne mutumin?

Kafin a shiga nema, sai an san ƙashin bayan labarin. An haifi Gilbert du Motier, wanda ya gaji sarautar Lafayette, ranar 6 ga Satumba 1757 a Chavaniac, cikin yankin Auvergne. Ku lura, shekara uku ke nan bayan haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya rasu ranar 20 ga Mayu 1834, shekara uku kafin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1824, shekarar da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato ya gana da Bello, a shekarar ce Lafayette ya koma Amurka yana tsoho aka yi masa gagarumar tarba. Na faɗi wannan ne don ku san zamanin da muke magana a kai, ba don akwai wata alaƙa tsakaninsu ba.

Turawan Ingila sun kashe mahaifinsa a yaƙin Minden a 1759, mahaifiyarsa ta rasu a 1770, ya tashi maraya mai tarin dukiya. Yana ɗan shekara 19 ya sayi jirgin ruwa da kuɗinsa ya tafi taya Amurkawa yaƙin neman 'yanci, majalisarsu ta ba shi muƙamin manjo janar ranar 31 ga Yuli 1777. An harbe shi a ƙafa a yaƙin Brandywine, kuma yana wurin a Yorktown a 1781 lokacin da sojojin Ingila suka miƙa wuya. Da juyin juya hali ya ɓarke a ƙasarsa, shi ne ya gabatar wa majalisa daftarin sanarwar haƙƙin ɗan Adam ranar 11 ga Yuli 1789, bayan kwana huɗu aka naɗa shi kwamandan dakarun sa-kai na Paris. A watan Agusta 1792 ya bar rundunarsa ya tsere, Ostiriya ta kama shi, ya yi shekara biyar a kurkuku, har da na Olmütz inda matarsa Adrienne da 'ya'yansa mata biyu suka bi shi suka zauna tare da shi. An sake shi a 1797. Ya ƙi yi wa Napoleon aiki. A juyin juya halin 1830, yana da shekara 72, ya sake riƙe dakarun sa-kai, ya rungumi Louis-Philippe a gaban jama'a, ya taimaka aka ɗora shi a gadon sarauta, daga baya kuma suka ɓata.

Mutumin da ya ratsa juyin juya hali uku, yaya takardunsa ba za su warwatsu ba?

Na biyu: rumbun Amurka

Ku fara da shafin Founders Online. Hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ce ta buɗe shi a 2013, ta zuba wasiƙun George Washington da Thomas Jefferson da Benjamin Franklin da John Adams da Alexander Hamilton da James Madison, waɗanda suka aika da waɗanda aka aiko musu. Lafayette ya yi musayar wasiƙu da dukkansu. Abin da ya sa na fifita wannan shafi shi ne ba hoton takarda kawai aka ɗora ba. Masana sun kwafe rubutun, sun sa kwanan wata, sun yi bayanin mutanen da aka ambata a ƙasan yawancin wasiƙun, sun kuma faɗi inda ainihin takardar take. Kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data. Za ka iya cewa a nuna maka wasiƙun da Lafayette ya rubuta wa Washington kaɗai, a jere bisa shekara.

Bari in ba ku aikin da za ku iya yi yau da dare. Ku nemi wasiƙar da Lafayette ya rubuta wa Washington daga Cadiz ranar 5 ga Fabrairu 1783. A ciki ya ba shi shawarar su haɗa hannu su sayi gandu, su gwada 'yanta bayin da ke ciki su mayar da su manoma masu biyan galla. Sai ku nemi amsar Washington ta 5 ga Afrilu. Ya yabi kyawun zuciyar abokinsa, ya ce a bari sai sun haɗu su tattauna. Maganar ba ta je ko'ina ba. Ku ci gaba zuwa Fabrairu 1786, za ku ga Lafayette yana shaida masa cewa ya sayi gandu a Cayenne, a Kudancin Amurka, kan kuɗin Faransa liba 125,000, zai yi gwajin shi kaɗai. To a nan ne mai bincike yake tsayawa ya yi tambaya. Mutumin da yake ƙyamar bauta, ya sayi gandu da bayi kusan 70 a ciki. An hana dukansu da bulala, ana biyansu lada, ana koya wa yaransu karatu, amma ba a kai ga 'yanta su ba har gwamnati ta ƙwace dukiyarsa bayan gudunsa na 1792. Shin mai 'yanta bayi ne ko mai bayi ne? Su waɗannan 'yan Afirka da aka yi gwajin a kansu, ina muryarsu a cikin takardun? Ga kundin digiri guda a zaune, kuma ɗalibi ɗan Afirka ya fi kowa cancantar ya rubuta shi. Ku haɗa da labarin James Armistead, bawan da ya yi masa leƙen asiri a sansanin Ingilishi, wanda Lafayette ya rubuta wa takardar shaida a 1784, aka 'yanta shi a 1787, ya ɗauki sunan Lafayette.

A cikin takardun Jefferson kuwa akwai daftarin sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Lafayette ya kai masa ya duba, domin a lokacin Jefferson ne jakadan Amurka a Paris. In kana son ganin rubutun hannun kansa, laburaren majalisar dokokin Amurka ya ɗora hotunan takardun Washington, tare da kundin zaman majalisar da ta ba Lafayette muƙami, da tsofaffin jaridu a sashen Chronicling America. Jami'ar Cornell tana riƙe da ɗaya daga cikin manyan tarin takardunsa, kwalejin Lafayette da ke Pennsylvania, wadda aka kafa a 1826, ita ma tana da nata, kuma dukkansu sun baje wasu a intanet.

Sai dai ku sani, wannan rumbu na masoya ne. Ƙasa ce da ta raɗa wa garuruwa da tituna sunansa, har da dandalin da ke gaban fadar shugaban ƙasa. A ziyarar 1824 zuwa 1825 ya zaga dukkan jihohi 24 na lokacin, majalisa ta ba shi kyautar dala 200,000 da fili. Littafin da ya fi ba da labarin wannan tafiya, na Auguste Levasseur, wanda aka buga a 1829, yana nan kyauta a Internet Archive. Amma Levasseur sakatarensa ne. Wa ya taɓa jin sakatare ya kushe maigidansa a littafi?

Na uku: rumbun Faransa

A nan zan daɗe, shugaban taro ya yi mini afuwa, domin nan ne ɗalibanmu na Nijeriya suke ja da baya.

Babbar ƙofa ita ce Gallica, laburaren intanet na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, wanda aka buɗe tun 1997. Akwai miliyoyin littattafai da jaridu da taswirori da zane-zane, ba rajista, ba biya. Ƙofa ta biyu ita ce kundin muhawarar majalisa, Archives parlementaires, wanda aka fara bugawa a 1862. Jami'ar Stanford da ɗakin karatun Faransa sun haɗa hannu sun ɗora mujalladan da suka shafi 1787 zuwa farkon 1794 tare da zane-zanen zamanin kimanin 14,000, shafin Persée shi ma ya ɗora kundin yadda za ka iya neman jawabin kowane ɗan majalisa. Ta uku kuwa ƙananan ƙasidun siyasa ne da ake sayarwa a titunan Paris. Laburaren Newberry da ke Chicago ya ɗauki hoton fiye da 30,000 daga cikinsu ya zuba a Internet Archive. In kana son sanin abin da ake faɗa a kasuwa, ba a majalisa ba, can za ka je.

Yanzu bari mu gwada waɗannan ƙofofi da rana guda: 17 ga Yuli 1791. A watan Yuni Sarki Louis na 16 ya sulale daga Paris da iyalinsa, aka kamo shi a Varennes aka dawo da shi. Lafayette ne ke da alhakin gadin fada, saboda haka zargi ya hau kansa. Majalisa ta yanke shawarar barin sarki a kan mulki. Jama'a suka taru a filin Champ-de-Mars don sa hannu a takardar neman a tuɓe shi. Da safe an kama wasu mutum biyu a ɓoye a ƙarƙashin dandamalin da ake sa hannun, aka kashe su. Magajin gari Bailly ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka ɗaga jar tuta, ya fito tare da Lafayette da dakaru. Aka yi jifa, dakaru suka buɗe wuta.

Mutum nawa suka mutu? Buɗe kundin majalisa na washegari, 18 ga Yuli, za ka tarar Bailly yana ba da rahoton mutum 11 ko 12. Buɗe jaridun adawa a Gallica, za ka ga ana maganar ɗaruruwa. Masanan wannan zamani da dama sun fi karkata ga kimanin 50. Wa ya ba da umarnin harbi? Lafayette ya yi ƙoƙarin hanawa ne, kamar yadda masoyansa suka ce, ko kuwa shi ya ja gaba? Kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi. Jera su: rahoton Bailly, wanda yake kare kansa, jaridar Marat, L'Ami du peuple, wadda ta daɗe tana neman kan Lafayette, jaridar Révolutions de Paris, sannan abin da Lafayette ya faɗa da kansa bayan shekaru. Kowanne ka tambaye shi: kana wurin? Yaushe ka rubuta? Me za ka samu in an yarda da kai? Shi Bailly wannan rana ce ta ci shi, an sare kansa a Nuwamba 1793. Lafayette kuwa farin jininsa a Paris bai farfaɗo ba sai bayan shekaru masu yawa.

Ra'ayina, in kun tambaye ni: mutum ne mai gaskiya a kan abin da ya yi imani da shi, wato sarki mai iyaka da tsarin mulki, amma yana da son yabo, kuma ya ɗauka farin jini zai iya riƙe masa fada da titi a lokaci guda. A ƙarshe fada ta tsane shi, titi ma ya tsane shi. Ba dole ku yarda da ni ba. Takardun suna nan, ku je ku ƙaryata ni.

Gargaɗi biyu a kan wannan rumbu. Kundin majalisar nan ba naɗar murya ba ne. Editoci ne suka harhaɗa shi bayan shekara saba'in da ɗoriya, daga taƙaitaccen rahoton zama da abin da jaridu suka buga. Saboda haka in jawabi yana da muhimmanci a aikinka, duba ƙasan shafi ka ga daga wace jarida aka ɗauko shi. Na biyu, jaridar Moniteur da kowa yake jingina da ita ta fara fita ne ranar 24 ga Nuwamba 1789. In ka ga Moniteur mai kwanan watan Yuli 1789 yana ba da labarin rushe kurkukun Bastille, to daga baya aka rubuta shi aka cike gurbin. Ba shaidar ranar ba ce.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar: wannan fage naku ne, kuna shiga ba tafinta. Ga mu 'yan Nijeriya kuwa, akwai shafin Liberty, Equality, Fraternity na jami'ar George Mason, mai ɗauke da ɗaruruwan takardun juyin juya halin da aka mayar Ingilishi. Yana da amfani ga mai farawa. Amma zaɓin wani ne, kuma abin da bai zaɓa ba ba za ka taɓa gani ba. Ni a ganina ɗalibin Kano ko Zariya ya nemi abokin aiki a Maraɗi ko Damagaram, wannan ya karanta na Faransanci, wancan na Ingilishi, su yi muhawara da Hausa. Wane tanadi ya fi wannan sauƙi?

Na huɗu: abin da ya faɗa da bakinsa

Bayan rasuwarsa iyalinsa sun buga tarihin rayuwarsa da wasiƙunsa cikin mujalladi shida, a 1837 da 1838. Suna nan a Gallica da Internet Archive, an kuma fassara wani ɓangare zuwa Ingilishi, ana samunsa a Project Gutenberg. Ɗalibai suna son wannan littafi, suna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka ne, ta fi daɗi, amma daɗi daban, gaskiya daban. Iyali ne suka zaɓi abin da zai shiga da abin da zai zauna a akwati. Wasiƙun da ya rubuta wa Washington da Ingilishinsa na ɗan koyo an mayar da su Faransanci mai santsi. Ɗauki wasiƙa guda a wannan littafi, ka nemo ta a Founders Online, ka ajiye su gefe da gefe, ka ga bambancin da idonka.

Labarin da littafin yake bayarwa shi ne yaro ɗan shekara 19 ya ji kiran 'yanci ya tsallaka teku. Louis Gottschalk na jami'ar Chicago, wanda ya shafe shekaru daga 1935 yana rubuta tarihin mutumin mujalladi bayan mujalladi, ya bi takardun lokacin ya nuna cewa abin da ya tura yaron ya haɗa da neman suna, da takaicin rashin samun ci gaba a soja, da haushin Ingila. Aƙidar 'yanci a can Amurka ya koyo ta. Wannan bai rage masa daraja ba. Ya dai nuna mana cewa tsoho in yana tuna ƙuruciyarsa yakan gyara ta.

Akwai kuma tsofaffin littattafai da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin na likitansa Jules Cloquet na 1836 da na Étienne Charavay na 1898. Na Charavay ya fi amfani, domin mutumin masanin takardun hannu ne, ya kwafo da yawa.

Na biyar: abin da masana suka rubuta

Wannan ba zan ja shi ba. Persée da OpenEdition suna ɗauke da mujallar Annales historiques de la Révolution française, wadda ita ce uwa a wannan fanni. JSTOR yana barin wanda ya yi rajista ya karanta wasu maƙaloli kyauta kowane wata. Kundayen digirin digirgir na Faransa da yawa suna shafin HAL. Majalisar dokokin Faransa tana da rumbu mai suna Sycomore, wanda zai gaya maka mazaɓar kowane ɗan majalisa tun daga 1789 da shekarun da ya yi. Wikipedia kuwa, karanta ta, musamman ka kwatanta ta Faransanci da ta Ingilishi, amma ka gangara ƙasa ka bi madogarar da ta nuna. Kada in ga sunanta a kundinka.

Na shida: ramukan da ke kan hanya

Ramin farko sunan mutumin ne. Faransawa sukan raba shi biyu, La Fayette, Amurkawa su haɗe. Gwada duka. Sannan bayan an soke sarautun gado a watan Yuni 1790, maƙiyansa sun riƙa kiransa da sunan gidansu don su ƙasƙanta shi, Motier, wani lokaci Mottié. Wanda bai nemi waɗannan ba, zagin da ya fi zafi zai wuce shi, ya fito yana cewa jaridu ba su taɓa shi sosai ba.

Na biyu, na'urar da ke karanta tsofaffin shafuka tana kuskure. Maɗaba'ar ƙarni na 18 tana da wani dogon harafin s mai kama da f, tawada ta dushe, takarda ta yi tabo. In ka nema ba ka samu ba, ba yana nufin babu ba. Tunda ka san ranar, buɗe jaridar wannan mako ka karanta da ido.

Na uku, kalanda. Jamhuriyar Faransa ta ƙirƙiro tata, tana ƙirga daga 22 ga Satumba 1792, wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin da 'yan kwanaki na ciko, aka yi amfani da ita har ƙarshen 1805. Juyin mulkin Napoleon na 18 ga Brumaire shekara ta 8 shi ne 9 ga Nuwamba 1799. Akwai shafukan da ke juya kwanakin kyauta, kuma mu da muka saba juya Hijiriyya zuwa Miladiyya ba za mu sha wahala ba.

Na huɗu shi ne mafi haɗari: maganganun da ke yawo ba uba. A nan ba sai mun ari komai daga Turai ba. Malaman hadisi sun riga sun koya mana tambayar isnadi: wa ya faɗa, wa ya ji daga wa, sun haɗu kuwa? Misali, akwai maganar da ake jingina wa Lafayette cewa da ya san ƙasar bayi zai taimaka a kafa, da bai zare takobi saboda Amurka ba. Magana ce mai daɗi a kunnenmu. Amma in ka bi sawunta, ta hannun Thomas Clarkson, ɗan Ingila mai yaƙi da cinikin bayi, ta iso mana, kuma bayan Lafayette ya rasu. Clarkson ya san shi, ba a musu. To sai ka rubuta cewa Clarkson ya ruwaito, kada ka ce Lafayette ya rubuta. Haka nan kalmar nan da aka furta a kan kabarinsa a maƙabartar Picpus ranar 4 ga Yuli 1917, cewa ga Amurkawa sun iso, littattafai da yawa sun ba Janar Pershing na Amurka ita, alhali Kanar Charles Stanton ne ya faɗa.

Su kuma manhajojin nan masu amsa tambaya da kuke ji da su, suna iya taimaka maka ka gane ma'anar sakin layi na Faransanci. Amma sukan ƙaga sunan littafi da lambar shafi da ba su taɓa wanzuwa ba, su ba ka da cikakken ƙarfin hali. Duk abin da ba ka buɗe shafinsa ka gani ba, kada ya shiga aikinka. Gani ya kori ji.

Na bakwai: data da wuta

Na san halin da ake ciki. Littafi guda mai hotunan shafuka yana iya lashe datar mako. Gallica tana barinka ka sauke iya shafukan da kake buƙata, daga kaza zuwa kaza, Internet Archive kuma yana da zaɓin rubutu zalla wanda ba shi da nauyi. Yi nema da rubutu zalla, sannan ka sauke hoton shafin da za ka kafa hujja da shi. Abin da ka samu, ajiye shi nan take tare da adireshinsa na dindindin da lambar shafi. Manhajar Zotero kyauta ce, don wannan aikin aka yi ta. Kada ka ce gobe ka dawo: a watan Oktoba 2024 an kai wa Internet Archive hari ya rufe na kwanaki, kuma shari'ar da ya sha kaye a hannun kamfanonin buga littattafai ta sa ya janye dubban ɗaruruwan littattafan zamani daga aro. HathiTrust kuwa yakan buɗe wa mazauna Amurka littafin da zai rufe maka a nan. RetroNews, shafin tsofaffin jaridun Faransa, wani ɓangarensa sai da kuɗi, amma da yawa daga jaridun suna Gallica.

Kuma ba komai ne ya hau intanet ba. Fayilolin hafsoshin sojan Faransa suna Vincennes, tarin takardun gidansa na La Grange kuma sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka gano su a gidan. Wanda zai yi digirin digirgir wata rana sai ya yi tafiya. Amma na digirin farko da na biyu, abin da ke buɗe ya ishe shi har ya yi yawa. Roƙona ga ma'aikatan laburare shi ne a sauke mujalladan nan shida da kundin majalisa na 1789 zuwa 1792 sau ɗaya, a ajiye a kwamfutar laburare, kowane ɗalibi ya zo ya kwafa. Ga sashen tarihi kuma, a wajabta wa duk mai son rubutu a kan Faransa ko ƙasashen da ta mulka ya yi kwas ɗin karatun Faransanci, ko na zango biyu ne.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.   Mai tambaya, ko gyara, ko wanda bai yarda da hukuncina a kan Lafayette ba, bismillah, ga fili.